FUNMILAYO RANSOME-KUTI, MALAMAR DA TA KAI MATAN ABEOKUTA ƘOFAR FADA

Duk wanda ya taɓa zama a ofishin haraji ya san ba a son ganin taron jama'a a bakin ƙofa, balle a ce taron na mata ne, balle kuma a ce sun zo da niyyar kwana. To, abin da Sarkin Abeokuta, wanda Yarbawa ke kira Alake, ya gani ke nan ran 29 ga watan Nuwamba na shekarar 1947. Mata fiye da dubu goma suka rufe kasuwannin gari, suka yi jerin gwano zuwa ƙofar fadarsa, suka zauna, ba su tashi ba sai washegari. Ba su zo da sanda ba, ba su zo da wuƙa ba. Wadda ta jawo su kuwa wata malamar makaranta ce, matar wani limamin Kirista, mai suna Funmilayo Ransome-Kuti. Kafin wata goma sha huɗu su cika, Sarkin nan ya sauka daga gadon sarauta.

Ba za a gane yadda aka yi haka ba sai an san garin da kansa. Abeokuta babban birnin Egbawa ne, wani reshe na Yarbawa, kuma ma'anar sunan ita ce ƙarƙashin dutse, domin a gindin wani babban dutse mai suna Olumo suka fake wajen shekarar 1830, sa'ad da yaƙe-yaƙe suka tarwatsa garuruwansu. Tun can asali matan garin 'yan kasuwa ne, su ne masu rinin zanen nan da a ke kira adire, su ne masu sayar da abinci, kuma suna da tasu sarauta, Iyalode, wadda ke zama a majalisa ta yi magana da bakin mata. Egbawa sun daɗe suna riƙe da mulkin kansu bayan Turawa sun ci maƙwabtansu, saboda wata yarjejeniya da suka yi da Gwamnan Ikko cikin 1893. Sai a shekarar 1914 Gwamna Lugga ya kawo ƙarshen wannan, ya shigar da su cikin Nijeriya.

Daga nan ne aka ɗauko tsarin En'e irin wanda Turawa suka gina a Arewa, aka ɗora musu. Mu a nan haraji tsohon abu ne, Turawa sun tarar da shi, gyara kawai suka yi masa. A ƙasar Egba kuwa ba a saba da kuɗin kai ba, ba a kuma saba da Sarkin da zai yanke magana shi kaɗai ba. Amma aka mai da Alake shi ne En'e ɗungum, ba mai iko a kansa sai Razdan. Sarakunan gargajiya da da su ke taka masa burki suka zama 'yan rakiya, sarautar mata kuwa ta zama suna kawai. Da aka sa haraji cikin 1918 sai ƙasa ta yamutse. Mutanen ƙauyuka suka ɗauki makamai, suka tumɓuke hanyar jirgin ƙasa, suka tsinke wayar tangaraho, suka kashe wani babban basarake. Gwamnati ta aiko da soja, aka kashe mutane ɗaruruwa, haraji kuwa ya zauna daram. Wannan tashin hankali shi a ke kira Yaƙin Adubi, kuma a sa'an nan Funmilayo budurwa ce 'yar shekara goma sha bakwai. Ya kamata mai karatu ya riƙe wannan, domin duk matan da suka manyanta a garin sun ga abin da ɗaukar makami ya jawo.

An haife ta ran 25 ga watan Oktoba, 1900. Ubanta, Daniel Thomas, manomi ne kuma ɗan kasuwa, zuriyar bayin nan da aka 'yanta aka sauke a Saliyo, daga baya suka komo gida. Uwarta ɗinki ta ke yi. Iyayen nan biyu suka yi abin da ba a cika yi ba a zamanin, watau suka bar 'ya mace ta zarce da karatu. Cikin 1914 ta shiga babbar makarantar Abeokuta, tana cikin 'yan matan farko da aka taɓa ɗauka a can, sa'an nan cikin 1919 aka tura ta Ingila, wata makarantar 'yan mata a lardin Cheshire. Ta tafi da sunayen Turawa biyu, Frances da Abigail, ta komo ta ajiye su, ta riƙe na Yarbanci kaɗai.

Cikin 1925 ta auri Israel Oludotun Ransome-Kuti, limamin coci kuma shugaban makaranta. Malaman makaranta na ƙasar nan suna da dalilin tunawa da shi, domin shi ne shugaban farko na Ƙungiyar Malaman Nijeriya da aka kafa cikin 1931, ya kuwa riƙe ta fiye da shekara ashirin. Suka zauna Ijebu-Ode, sa'an nan cikin 1932 suka komo Abeokuta, ya zama shugaban makarantar da ta yi karatu a ciki. Suka haifi 'ya'ya huɗu. Ita kuwa tana koyarwa, ta buɗe ajin ƙananan yara, ta kuma kafa wata 'yar ƙungiya ta matan 'yan boko, inda a ke koyon ɗinki da girki da ladabin zaman gida. In da a nan ta tsaya, da yau ba mai tunawa da ita sai danginta.

Abin da ya juya ta ƙaramin abu ne. Cikin shekarun Yaƙin Duniya na Biyu ƙungiyar ta soma yi wa matan kasuwa ajin yaƙi da jahilci. Matan suka riƙa zuwa koyon baƙaƙe, amma ko wace ta zo da kukanta. Saboda yaƙi Gwamnati ta ƙayyade farashin abinci, 'yan doka kuma suna tare hanya suna ƙwace shinkafar masu talla, wani lokaci a biya su abin da bai kai ba, wani lokaci ko anini. Malamar nan da ta zo koyar da su sai ta tarar ita ce ba ta san garinsu ba. Ƙungiyar ta kai kuka wurin hukuma, ta kira 'yan jarida cikin 1945, aka buga labari, aka daina ƙwacen shinkafa. Matan kasuwa suka ga ashe takarda tana da amfani, 'yan boko kuma suka ga ashe takarda ba ta da nauyi sai da jama'a a bayanta. Cikin 1946 aka sake wa ƙungiyar suna, ta zama Ƙungiyar Matan Abeokuta, ƙofarta a buɗe ga ko wace mace, Musulma da Kirista da mai bin addinin gargajiya. Funmilayo ce shugaba. Cikin manyan mataimakanta akwai Eniola Soyinka, uwar marubucin nan Wole Soyinka, wanda yana yaro ya ga abin da idonsa, ya kuma ba da labarinsa cikin littafinsa mai suna Ake. Tun daga lokacin Funmilayo ta bar sa tufafin Turawa, ta koma ɗaurin zane irin na matan kasuwa, in kuma za ta yi magana da Razdan ko Di'o a bainar jama'a sai ta yi da Yarbanci, ko da ya ke Turancinta bai kasa nasu ba, don matan da ke bayanta su ji abin da a ke faɗa da sunansu.

Babban kukansu haraji ne. A Abeokuta mace tana biyan nata dabam da na mijinta, kuma kuɗin ɗaya ne ga kowa, da mai babbar rumfa da mai tallan ƙosai. Yarinya tana shiga lissafi tun tana shekara goma sha biyar. Da ya ke babu takardar haihuwa, sai masu karɓar haraji suka ƙago tasu hanyar gane shekaru, har ta kai ga ana tuɓe wa 'yan mata riga a duba ƙirjinsu. Ana shiga gidaje bincike, ana dukan mata, ana ɗaure tsofaffi. A ganinmu wannan wulaƙanci ya fi kuɗin kansa ciwo. Talaka ya kan haƙura da haraji mai nauyi shekara da shekaru, amma ba ya mantawa da ranar da aka ci mutuncin 'yarsa a gabansa. Kuma mai ƙaramin muƙami ne ya ke yin abin, sunan Sarki ne ya ke ɓaci. Bayan wannan duka, matan nan da ke biya ba su da ko mutum ɗaya a majalisar da ke kashe kuɗin.

Nan ne a ke ganin irin hankalin matar. Ba ta fara da titi ba. Ƙungiyar ta rubuta sunayen 'ya'yanta, ko wace tana biyan kuɗin ƙungiya, har yawansu ya kai wajen dubu ashirin. Da kuɗin nan suka ɗauki lauya, suka kuma ɗauki akanta ya bi lissafin baitulmalin En'e, ya fito da abin da ke shiga da inda ya ke tafiya. Suka rubuta takardun koke zuwa ga Alake da Razdan, ɗaya bayan ɗaya, suna cewa a soke harajin mata, a ba mata kujeru a majalisa, a kuma kawar da tsarin da ya mai da mutum ɗaya En'e. Amsar da suka samu ita ce ƙarin haraji. Da suka je fada wajen ƙarshen 1946 su nuna rashin yarda, sai aka tarye su da kulake da barkonon tsohuwa.

Cikin 1947 ita da kanta ta ƙi biyan harajinta, aka kai ta kotu, mata suka cika harabar. A shekarar nan kuma ta tafi London cikin wakilai bakwai na jam'iyyar N.C.N.C. waɗanda Dokta Azikiwe ya jagoranta don su kai kukan tsarin mulkin Gwamna Richards. Ita kaɗai ce mace a cikinsu, kuma cikin abokan tafiyar akwai Malam Bukar Dipcharima na Barno. Sakataren da ke kula da ƙasashen da Ingila ke mulki ya saurare su, ya sallame su hannu banza. Amma ita ta yi amfani da tafiyar, ta yi wa ƙungiyoyin matan Ingila jawabi, ta rubuta a wata jarida cewa halin matan Nijeriya ya ƙara lalacewa ƙarƙashin mulkin Turawa. Wannan rubutu bai yi wa fada daɗi ba ko kaɗan.

To, sai maganar taron. Doka ta ce ba a jerin gwano sai da izni, hukuma kuwa ta hana su iznin. Sai suka ce su ba zanga-zanga za su yi ba, biki za su yi, za su fita shan iska. Kowa ya san wasa ne da hankali, amma wace doka ce ta hana mata dubu goma shan iska rana ɗaya? Kafin ranar, Funmilayo ta tara su a filin makarantar mijinta tana koya musu, kamar yadda a ke koya wa yara darasi, abin da za su yi in an jefo barkonon tsohuwa: yadda za su rufe fuska da jiƙaƙƙen ƙyalle, da yadda za su ɗauke gwangwanin su jefar da shi tun bai gama fitar da hayaƙi ba. Manufar ita ce kada a watse. Taron da ya firgita ya ruga shi ne a ke tattake mutane a ciki, shi ne kuma ya ke ba mai bindiga hujja. Ba su manta da abin da ya faru a Gabas cikin 1929 ba, inda aka harbe mata fiye da hamsin a rikicin harajin da a ke kira na Aba.

Kada mai karatu ya zaci lumanar nan shiru ce. Waƙa suka kwana suna yi, waƙoƙin zambo da habaici, suna ambaton Alake da sunansa, wasu baitocin ma ba su faɗuwa a jarida. Manyan fada da suka fito da nufin kora su sun sha ba'a har suka koma ciki. A al'adar Yarbawa, matan gari su taru su yi wa Sarki waƙar zambo a ƙofar gidansa ba ƙaramin al'amari ba ne, alama ce ta cewa gari ya juya masa baya. Kasuwa kuma a rufe, watau ko gidan Sarki ko gidan akawu ba inda za a sayo cefane. Abin da ba su yi ba shi ne su fasa fada ko su sa wuta, saboda haka hukuma ta rasa abin kamawa. Soja suna da amfani a kan wanda ya tumɓuke hanyar jirgi, amma me za su yi da tsohuwar da ta zauna a ƙasa tana waƙa?

Aka yi musu alkawarin za a duba maganar, suka koma gida. Maimakon haka sai aka kama waɗansu daga cikinsu saboda ƙin biyan haraji. Ran 8 ga watan Disamba suka komo, wannan karon suka yi kwana biyu a ƙofar fada, suka ce ba za su tashi ba sai an saki 'yan'uwansu. Ran 10 ga wata aka sake su. Da shekarar 1948 ta kama, aka hana Funmilayo shiga fada, aka ci gaba da kai mata kotu, su kuma suka ci gaba da fita, da rubuta koke, da aika wa jaridun Ikko labari. Sannu a hankali maza suka shigo, har da sarakunan Ogboni waɗanda tsarin En'e ya rage wa daraja, suka ce su ma ba su yarda da mulkin mutum ɗaya ba. Tura ta kai bango. Cikin watan Yuli na 1948 Alake ya bar gari ya tafi Oshogbo. Aka soke harajin mata, aka kafa majalisar riƙon ƙwarya, aka ba mata kujeru huɗu a ciki, ɗaya ta Funmilayo. Ran 3 ga watan Janairu, 1949, Alake ya yi murabus.

Adalci ya sa a faɗi wani abu game da Sarkin. Ladapo Ademola na Biyu ba jahili ba ne, ba kuma maƙiyin ci gaba ba ne. Ya hau gado cikin 1920, ya yi wa garinsa ayyuka, ɗansa Adetokunbo Ademola shi ne ɗan ƙasa na farko da ya zama Babban Jojin Nijeriya. Da yawa daga cikin dokokin da suka jawo masa baƙin jini, kamar na farashin abinci lokacin yaƙi, daga sama aka miƙo masa su. Amma tsarin ya sa duk abin da aka yi da sunansa a ke yi, ya kuma raba shi da mutanen da za su iya gaya masa gaskiya tun da wuri. Turawan da suka ɗora shi a kan wannan matsayi, da wuta ta yi zafi, su ne suka ba shi shawarar ya kauce. Ba Abeokuta kaɗai ke da wannan ciwo ba. Cikin watan Agusta na 1950 Malam Abubakar Tafawa Ɓalewa ya tashi a majalisar Kaduna ya nemi a gyara tsarin En'e na Arewa, ba da daɗewa ba kuwa aka bar maganar Sarki shi kaɗai, aka koma Sarki da majalisarsa.

Nasarar matan ba ta zo cikakkiya ba. A ƙarshen 1950 aka mai da Alake gadonsa, ko da ya ke ba da irin ikon da ba, ya kuwa zauna har rasuwarsa cikin 1962. Funmilayo ba ta yarda da komowarsa ba, amma ba ta iya hanawa ba. Wani abin da ya fi wannan ɗaci ya zo cikin 1951, sa'ad da ta tsaya zaɓen majalisar Jihar Yamma. Dokar zaɓen ta ce mai biyan haraji ne ke jefa ƙuri'a. Matan da ta raba da haraji, su ne ƙarfinta, sai ga mafi yawansu ba su da ƙuri'a. Ta faɗi.

Daga nan ta mai da hankali ga neman wa mata ƙuri'a a ƙasa duka. Cikin 1949 ta riga ta faɗaɗa ƙungiyarta ta zama ta matan Nijeriya, cikin 1953 kuma ta kira babban taro a Abeokuta inda aka haɗa ƙungiyoyin mata wuri ɗaya. Labarinta ya kai Arewa. Hajiya Gambo Sawaba ta Zariya, shugabar matan jam'iyyar NEPU, tana ƙuruciyarta ta yi tattaki har Abeokuta don ta gan ta. Matan Kudu duka suka jefa ƙuri'a a zaɓen tarayya na 1959, na Arewa kuwa sai cikin 1976.

Mijinta ya rasu cikin 1955, ta rasa babban mai goyon bayanta. Tafiye-tafiyenta zuwa ƙasashen gurguzu, har da Sin cikin 1956, suka sa Gwamnati ta ƙi sabunta mata fasfo, Amurka kuma ta hana ta shiga. Da zaɓen 1959 ya zo, jam'iyyarta ta ƙi tsai da ita. Mace ce mai kafiya, ba ta iya jiran a ba ta izni, wannan hali kuwa shi ya yi mata rana a ƙofar fada, shi ne kuma ya yi mata dare a cikin jam'iyya. Ta tsaya da kanta, ƙuri'u suka rabu, abokan hamayya suka ci kujerar, aka kore ta. Ta kafa tata jam'iyya, ba ta yi tsawon rai ba. Ta koma ga makarantunta. Girmamawa ta biyo baya: lambar girma ta ƙasa cikin 1965, digirin girmamawa na Jami'ar Ibadan cikin 1968, da lambar zaman lafiya ta Lenin daga Rasha.

'Ya'yanta maza uku duk sun yi suna. Olikoye likitan yara ne, ya zama Ministan Lafiya na Nijeriya cikin 1985. Beko shi ma likita ne, ya sha ɗauri saboda kare haƙƙin jama'a. Fela kuwa mawaƙi ne wanda ya addabi gwamnatocin soja da waƙoƙinsa, kuma a gidansa na Ikko ta kan zauna da ta tsufa. Ran 18 ga watan Fabrairu, 1977, soja wajen dubu suka kewaye gidan, suka doddoke mutanen ciki, suka sa masa wuta. Ita kuma, tana da shekara saba'in da shida, aka jefo ta ta taga daga bene. Kwamitin binciken da Gwamnati ta kafa ya ce sojan da ba a san ko wane ne ba ya ƙone gidan, ba a kuwa hukunta kowa ba. Ba ta ƙara samun lafiya ba, ta rasu a Ikko ran 13 ga watan Afrilu, 1978. Aka kai ta Abeokuta aka binne ta kusa da mijinta. Ranar jana'izarta matan garin suka rufe rumfunansu na kasuwa, suka bi gawarta.